Kalandar Google zuwa Power BI: alƙalumana ba sa tafiya daidai da abin da ke ƙasa

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da rajistar wani ɗakin taro a nan Kano, zaure biyu ne, babba da ƙarami. Duk wanda ya kama rana, biki ne ko walima ko taron ƙungiya, a Google Calendar muke rubutawa, kowane zaure da nasa kalandar. Yanzu Alhaji mai wajen ya ce yana son ya ga wane wata aka fi ciniki, wace rana ce ta fi cika a mako, kuma awa nawa kowane zaure yake aiki. Na shiga Settings, na danna Export, ya ba ni zip, a ciki akwai fayil mai ƙarewa da .ics. Na ja shi cikin Power BI, manhajar haɗa rahoto da jadawalin alƙaluma, sai ga layi-layi na rubutu a shafi guda, BEGIN:VEVENT, DTSTART da sauransu. Na yi ta dabara har na raba su, amma jimillar da nake samu ba ta kai abin da ke kalandar ba, lokutan ma wasu sun ja baya da awa ɗaya. Wace hanya ce mafi sauƙi? Ni ba mai rubuta manhaja ba ne, Excel dai na iya shi daidai gwargwado.

MaiLissafi:
Wa alaikumus salam. Awa ɗayan nan ba ɓata ta yi ba. Duba ƙarshen lokacin, idan ka ga harafin Z, kamar 20240315T150000Z, to agogon UTC ne, wato ma'aunin lokaci na duniya, mu kuma a Najeriya muna gaba da shi da awa ɗaya. Wato taron ƙarfe huɗu na yamma ne, ba uku ba. Ka ƙara awa ɗaya a kan duk mai Z. Amma kada ka ƙara wa kowa, domin wasu layukan za ka ga an rubuta TZID=Africa/Lagos a gabansu, waɗannan tuni suna kan agogonmu.

Dan_Fagge:
Tabbas akwai Z ɗin. Akwai kuma masu Lagos, su ne na ga sun fito daidai. Na gode Malam. Saura ƙarancin jimilla.

Injiniya_Bichi:
Ƙarancin jimilla daga tarukan da ake maimaitawa yake, ko shakka babu. Kuna da waɗanda suka kama zaure duk mako ko duk wata?

Dan_Fagge:
Akwai. Wata ƙungiyar mata tana zama a ƙaramin zaure duk Asabar da safe, akwai kuma masu darasin yamma Litinin da Laraba.

Injiniya_Bichi:
To ga inda gizo ke saƙar. Fayil ɗin .ics ba ya rubuta kowace Asabar daban. Sau ɗaya yake rubuta taron, sai ya ɗora masa ƙa'ida a layin da ake kira RRULE, misali FREQ=WEEKLY;BYDAY=SA, ma'ana a maimaita duk mako ranar Asabar. Manhajar kalanda ce ke karanta ƙa'idar ta zana maka Asabar 52 a shekara, amma a fayil ɗin layi ɗaya ne, kuma shi Power BI ɗaya zai ƙirga. Sannan makon da ba a yi zama ba, aka goge shi, ana rubuta shi a EXDATE. Makon da aka ɗaga daga safe zuwa yamma kuma yana zuwa a matsayin wani taro daban mai lambar UID iri ɗaya da uwar, da ƙarin layin RECURRENCE-ID da ke nuna wace Asabar ce aka sauya. Idan ba ka cire ta asalin ba, sai ka ƙirga ta sau biyu.

Tsarin nan tsoho ne, tun 1998 aka fitar da shi, aka sabunta a 2009 a takardar da ake kira RFC 5545. An yi shi ne don kalanda ta yi magana da kalanda, Google da Outlook da na iPhone, ba don a yi lissafi da shi ba. Ana iya warware RRULE a Power Query, wajen gyara bayanai na cikin Power BI da Excel, na ga masu yi, amma ni ba zan ba ka shawarar hakan ba. Da zarar wani ya kama "Juma'ar ƙarshen kowane wata" dabararka ta rushe.

UmmuHanan:
Ni dai ku tsaya. Taro nawa ne gaba ɗaya a shekara? In ba su fi ɗari biyu ko uku ba, a zaunar da yaro ya kwafe su da hannu cikin Excel, kwana biyu an gama. Duk wannan Turancin na mene ne?

Dan_Fagge:
Hajiya, na shekara uku ne, zaure biyu. Kuma Alhaji so yake duk ƙarshen wata ya gani, ba sau ɗaya ba.

Sadauki_py:
Python kawai, yaren rubuta manhaja. Akwai laburare mai suna icalendar da ke karanta fayil ɗin, akwai recurring-ical-events da ke warware maimaicin, ka ba shi farkon kwanan wata da ƙarshe ya zubo maka kowane zama daban, har da EXDATE da waɗanda aka ɗaga duk yana lura da su. Ka zuba a pandas, laburaren tsara bayanai, ka fitar da CSV, fayil ɗin jadawali da Excel ke buɗewa, ka ba Power BI. Bai kai layi talatin ba.

MaiLissafi:
Sadauki, mutumin ya ce shi ba mai rubuta manhaja ba ne. Kafin ya girka Python ya gane pip da ake girka laburaren da shi, wata ya ƙare.

Sadauki_py:
Ai kowa da ranar da ya fara.

Zinariya_Data:
Ɗan Fagge, bar fayil ɗin nan gaba ɗaya, ba ka buƙatarsa. Tunda kalandar ta Google ce, bi ta Google Sheets. Buɗe sabon shafi da asusun da ke da kalandar, shiga Extensions, sai Apps Script. Abin da za ka rubuta kaɗan ne: CalendarApp.getCalendarById ka sa lambar kalandar, wadda za ka samu a Settings ƙarƙashin Integrate calendar, sannan getEvents ka ba shi ranar farawa da ranar tsayawa. Daɗin abin shi ne getEvents da kansa yake warware maimaicin, kowace Asabar ta matan nan za ta fito a layinta, wadda aka goge ba za ta fito ba, wadda aka ɗaga za ta fito a sabon lokacinta. Daga kowane taro ka ɗebi getTitle, getStartTime, getEndTime, ka ƙara shafi guda na sunan zaure. Sai ka sa masa agogon da zai riƙa tashi da kansa duk dare, ana kiransa trigger. Power BI yana da hanyar haɗuwa da Google Sheets kai tsaye, in kuma ba dole sai Power BI ba, Looker Studio, manhajar rahoto ta Google, kyauta ne kuma Alhaji zai iya buɗewa a wayarsa.

Abu biyu ka kiyaye. Kada ka riƙa rubuta layi ɗaya-ɗaya cikin shafin, tara su duka ka zuba lokaci guda da setValues, domin minti shida kawai ake ba kowane aiki kafin a yanke shi. Na biyu, shafin yana da nasa agogon a File, Settings, shi ma rubutun yana da nasa a Project Settings. Tabbatar duka biyun suna kan Lagos, in ba haka ba awa ɗayan da ka gudu za ka tarar da 'yan uwanta a can, wani lokaci har awa biyar ko shida idan shafin yana kan agogon gabashin Amurka.

Dan_Fagge:
Wannan ta fi kwanta min. Anti Zinariya ko za ki taimaka da rubutun in kwafa?

Zinariya_Data:
Zan turo maka in na koma kan kwamfuta, yanzu a waya nake. Mu nan tun jiya ba wuta.

Bakatsine77:
Ku tambayi ChatGPT mana, cikin minti ɗaya zai rubuta muku.

Injiniya_Bichi:
Zai rubuta, kuma irin wannan ƙaramin aikin yawanci yana fitowa daidai. Amma Ɗan Fagge, ko wa ya rubuta maka, ɗauki wata guda ka ƙirga da idonka a kalanda, ka gwada da abin da shafin ya ba ka. Kuma kada ka kwafi ainihin bayanan masu biki ka liƙa masa don ya gane, ƙirƙiro misali na bogi.

Lauya_Sokoto:
Injiniya ya taɓo inda nake so in yi magana. A irin wannan kalanda me ake rubutawa a wajen bayani? Sunan uwar amarya, lambar waya, nawa aka bayar na kafin alƙalami, nawa ya rage. Wannan bayanan mutane ne, kuma tun 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, da hukumar NDPC da ke sa ido a kanta. Alhaji yana son sanin wane wata ya fi ciniki, bai ce a kawo masa lambar wayar kowa ba. Don haka kada ma a ja shafin bayani zuwa Sheets. Abin da ba ka ɗauko ba, ba zai zube a hannunka ba.

Sannan na san wani zai zo ya ce a yi amfani da adireshin sirri na kalandar, wanda ke Settings, a liƙa shi a Power BI ta hanyar Web don ya riƙa sabunta kansa. Yana aiki. Amma duk wanda ya samu wannan adireshin zai karanta kalandar gaba ɗaya ba tare da kalmar sirri ba, kuma yana nan kwance a cikin fayil ɗin Power BI. Ka tura wa akawu fayil ɗin ta WhatsApp, ka tura masa mabuɗin ke nan. In har ya taɓa fita, akwai maɓallin Reset a wajen, a danna a kashe tsohon.

Bakatsine77:
Barista kai kuma komai sai ka kawo doka. Wa zai kai ɗakin biki kotu kan lambar waya?

Lauya_Sokoto:
Bar batun kotu. Ka yi tunanin mai ɗakin taron da ke kallon nasu ya samu jerin duk waɗanda suka kama rana daga nan zuwa babbar Sallah, da lambobinsu da farashin da aka yi musu.

Bakatsine77:
To wannan kam na ji.

Dan_Fagge:
Na samu rubutun daga Anti Zinariya, Allah Ya saka da alheri. Ya yi aiki, Asabar ɗin matan duk sun fito. Sai dai wata sabuwa: awannin babban zaure sun yi yawan da hankali ba zai ɗauka ba. Wani watan ya nuna min sama da awa 300.

MaiLissafi:
Duba ko akwai waɗanda aka rubuta a matsayin taron yini guda, wanda ke fitowa a saman rana ba tare da lokaci ba. Kowane irin wannan awa 24 yake ɗauka, daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare. Biki goma sha uku kawai ya ba ka awa 312. Akwai isAllDayEvent, ƙara shi a matsayin shafi don ka ware su. Kuma ranar ƙarshensu kullum washegari ce: bikin 15 ga wata za ka ga ya ƙare 16 ga wata. Haka tsarin yake, ranar ƙarshe ba ta cikin lissafi. Mai ƙirga kwanaki ya lura da wannan, kada bikin kwana ɗaya ya zame masa biyu.

Dan_Fagge:
Su ne. Wanda ke rubutawa kafin ni duk a haka yake sa biki.

UmmuHanan:
To kun gani. Da yaro ne yake kwafa da hannu ai da ya gane cewa ba wanda ke yin dina awa ashirin da huɗu.

Zinariya_Data:
Hajiya kina da gaskiya ta wani ɓangaren. Injin ba zai san abin da ba a rubuta ba. Waɗannan tsofaffin, Ɗan Fagge, ko dai ka zauna da Alhaji ku yanke cewa kowane biki na yini guda za a ɗauke shi awa kaza, ku rubuta hakan ƙarara a ƙasan rahoton, ko kuma ku bar batun awa a shekarun baya ku ƙirga yawan taro kawai. Ni na fi son na biyun. Awannin da aka ƙiyasta in suka shiga jadawali mai launi, bayan wata biyu kowa ya manta ƙiyasi ne.

Kuma tun da muna kai, matsalar da ke gabanka ta fi wannan. Sunayen tarukan fa? Na tabbata wani an rubuta "Kamu", wani "kamun amarya", wani "Dinner", wani "dina", wani sunan mai bikin kawai. Ranar da Alhaji ya ce a raba masa biki da taron ƙungiya da walimar sauka, a nan za ka yi gumi. Daga yau ku tsayar da tsari: nau'in taro, sai alamar tsaye, sai suna. BIKI | wance, TARO | ƙungiya kaza, WALIMA | wane. Power Query zai raba su da dannawa ɗaya. Na baya kuma sai ka yi ƙaramin jadawali na kalmomi, duk mai "kamu" ko "dina" ko "ɗaurin aure" ya tafi BIKI, ragowar da ba su shiga ko'ina ba ka bi su da hannu. Nan ne yaron Hajiya zai samu aiki.

Na_Maradi:
Sannunku da aiki. Ina bin zancen daga Maraɗi. Agogonmu ɗaya da naku, don haka batun awa ɗaya ya shafe mu daidai. Abin da nake so in ƙara, wanda zai fitar da CSV ya buɗe a Excel, kada ya danna fayil ɗin sau biyu kawai. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da na Faransanci masu alama a ka, sukan rikiɗe su koma wasu alamomi. A bi ta Data, From Text/CSV, a zaɓi UTF-8, lambarsa 65001. Haka nan kwanan wata: 03/04 a wajenmu uku ga Afrilu ne, kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka kuma za ta karanta shi huɗu ga Maris. Na 13 ga wata zuwa sama su ne ke tona asiri, domin babu wata na goma sha uku, sai su ƙi zama kwanan wata. Amma na 1 zuwa 12 shiru za su juye ba wanda ya sani.

Sadauki_py:
Shi ya sa nake rubuta shekara, wata, rana. 2024-04-03. Ba mai juya shi.

Malam_Tsangaya:
Ni ba ma'abocin kwamfuta ba ne sosai, amma tambayar Alhaji ta farko ce ta tsaya min: wane wata aka fi ciniki. Da wane lissafin wata? Kowa a nan ya san ana rububin aure a Rajab da Sha'aban kafin azumi, a yi tsit a Ramadan, a dawo bayan Sallah. Azumi kuma ba ya zama wuri ɗaya a kalandar Bature, duk shekara yana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya. A 2023 mun ɗauki azumi 23 ga Maris, a 2024 ranar 11 ga Maris, a 2025 ranar 1 ga Maris. To ka ga Maris ɗin 2023 mako uku na farkonsa Sha'aban ne, lokacin cikar zaure, Maris ɗin 2025 kuwa kusan dukkansa azumi ne. In ka jera su gefe da gefe, Alhaji zai ce kasuwa ta mutu, alhali wata ne ya matsa.

Zinariya_Data:
Malam ka zo da babbar magana. Ɗan Fagge, wannan ita ce za ta sa rahotonka ya yi ma'ana. Kana buƙatar jadawalin ranaku daban, kowace rana da layinta, da shafin watan Musulunci a gefe, sai ka haɗa shi da na tarukan ta kwanan wata.

Bakatsine77:
Ai Google Calendar yana iya nuna kwanan watan Hijira a gefen na Bature, akwai shi a Settings.

Injiniya_Bichi:
Nunawa kawai yake yi a fuska, ba ya shiga cikin bayanan taron, don haka ba zai biyo getEvents ba. Kuma irin waɗannan na lissafi ne, wani ma na Ummul Ƙura ne na Saudiyya. Mu kuma sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar. Bambancin kwana ɗaya yakan faru.

Na_Maradi:
Ko tsakaninmu da ku ma yakan faru, mu yi Sallah yau ku yi gobe.

Malam_Tsangaya:
Shekara uku wata 37 ne ko 38 a lissafin Musulunci. A nemo ranar da kowane wata ya kama bisa sanarwar Fadar Sarkin Musulmi, a rubuta da hannu, an gama. Kuma don sanin ko Sha'aban ya fi Shawwal ciniki, kwana ɗaya ba zai sauya komai ba. Inda zai yi tasiri shi ne in ana son duba makon Sallah shi kaɗai.

UmmuHanan:
Da hannu dai. Ina jin ku.

MaiLissafi:
Wani abu da ba a taɓo ba: waɗanda suka kama rana suka fasa. Me kuke yi da su?

Dan_Fagge:
Gogewa muke yi don ranar ta buɗe.

MaiLissafi:
To sun tafi ke nan. Abin da aka goge yana zama a kwandon shara na kalandar kwana 30 ne kawai, kuma getEvents ba ya kawo shi. Ranar da Alhaji zai tambayi mutum nawa ke fasawa, ba ka da amsa. Ku buɗe kalanda ta uku mai suna AN FASA, duk wanda ya janye a mayar da shi can maimakon a goge. Ranar ta buɗe, tarihin kuma yana nan. Ka ƙara getDateCreated ma, zai nuna maka ranar da aka rubuta taron, ka cire ta daga ranar bikin ka san kwana nawa mutane ke kama zaure kafin lokaci.

Injiniya_Bichi:
Da sharaɗin ana rubutawa ranar da aka biya. In a littafi ake fara rubutawa, sai ƙarshen mako a zuba su a kalanda gaba ɗaya, wannan lissafin ya gurɓace.

Sadauki_py:
Ni fa har yanzu ina ganin kalanda ba wajen ajiye rajistar kasuwanci ba ce. A juya abin: Google Form ko Sheets ya zama shi ne asali, da shafin kuɗi da nau'in taro da komai, shi kuma ya riƙa tura taron zuwa kalanda don a gani. Duk wannan wankin da ake yi ba zai taso ba.

Zinariya_Data:
A takarda haka ne. Amma mutum uku ko huɗu ne ke karɓar masu kama rana, a waya, wani yana tsaye a bakin ƙofa ana sauke kujeru. Kalanda suka saba da ita, taɓawa biyu sun ga ko rana a buɗe take. Ka ba su fom mai tambaya goma, mako biyu za su koma littafi.

Sadauki_py:
Tambaya huɗu ta isa.

Lauya_Sokoto:
Kuɗin dai kada ya zauna a kalandar da masu shara da masu kida duk aka ba su damar gani.

Dan_Fagge:
Na gwada watan Janairun bana kamar yadda Injiniya ya ce. Ƙaramin zaure ya yi daidai ɗaya bayan ɗaya. Babban zaure shafin ya fi abin da na ƙirga da guda biyu. Da na bincika, dinar da ta wuce sha biyun dare ce a 31 ga Disamba ta shigo cikin Janairu, ɗayan kuma har yanzu ban gano shi ba.

Injiniya_Bichi:
Na farkon daidai ne, getEvents yana kawo duk taron da ya taɓa tsakanin ranakun da ka ba shi, ko da wutsiyarsa ce kawai ta shigo. Ka riƙa ƙirgawa da ranar farawa. Na biyun, jera shafin bisa lokacin farawa ka duba ko akwai biyu a rana ɗaya da lokaci ɗaya, wataƙila mutum biyu ne suka rubuta biki guda da suna daban-daban. Turo hoton layukan wannan watan, amma ka rufe sunayen.